Hoton Gidanmu: Idon Baƙo da Idon Ɗan Gida

 

Yau maganar hoto za mu yi. Ka san hoton katin ɗan ƙasa, wanda ake zaunar da kai a gaban zane a ce kada ka motsa. Ka san kuma finafinan Kano, inda ake ba ɗan wasa magana ya haddace, ya yi kuka ba tare da an yi masa komi ba. To, akwai iri na uku. Mai kyamara ya shigo gari, ya ɗauki mutane suna cikin harkarsu ta kullum: mace tana surfe, maigida yana gyaran rumbu, yara suna koro awaki daga rijiya. Babu ɗan wasa, babu kayan aro. Da Faransanci ana ce masa dokimanter. Mu sai mu ce fim na zahiri.

Mutane da yawa suna cewa irin wannan hoto ba ya ƙarya, tun da abin da ya faru aka ɗauka. Haka ne, amma da saura. Kyamara ido ɗaya gare ta, kuma inda aka juya ta nan take kallo. Abin da ke bayan mai ɗauka ba ya fita. Abin da ya faru jiya kafin ya zo, da abin da zai faru gobe bayan ya tafi, su ma ba su fita. Ana iya haɗa hoto goma, kowanensu gaskiya ne, amma labarin da suka bayar ya zama rabin gaskiya.

Saboda haka in ka ga hoton gidan wani, yi tambaya uku. Wa ya ɗauka? Kwana nawa ya yi tare da mutanen gidan? Da ya gama, ya komo ya nuna musu? Da waɗannan tambayoyi za mu auna hotunan da aka yi a kan ƙasarmu da mutanenta.

DAMARGU A IDON BAƘI

Baƙi sun daɗe suna ba da labarinmu. A watan Janairu na 1851 wani Bajamushe mai suna Heinrich Barth, wanda ke kiran kansa Abdulkarim, ya sauko daga Azbin tare da ayarin gishiri, ya yada zango a Damargu. Da alƙalami ya yi aiki. Ya rubuta labarin gonakin hatsi da rumbuna, ya nuna cewa daga nan Abzinawa ke samun abincinsu. Wato ƙasar hatsi ya gani.

Da kyamara ta yawaita, sai aka fi juya ta wuri biyu.

Wuri na farko shi ne rawar Fulani Woɗaɓe, waɗanda muke ce wa Bororo, irin maƙwabtanmu masu kiwo a arewacin Tanut da Belbeji. A 1983 wata Ba'amurkiya, Carol Beckwith, ta fitar da babban littafin hotunan Woɗaɓen Nijar. A 1989 wani Bajamushe, Werner Herzog, ya yi fim a kansu. Har ya ɗora wata tsohuwar waƙar coci ta Turai a kan hoton samari suna rawa, waƙar da ba ta haɗa komi da filin rawar ba. A faɗi gaskiya, hotunan suna da kyau. Beckwith ta daɗe tare da mutanen, ta ɗauki har zaman gida da ƙaura. Herzog ma ya nuna ɓarnar da fari ya yi musu. Amma abin da jaridun duniya suka kwasa suka baza shi ne fuskar saurayi mai kwalliya, yana zare ido yana nuna farin haƙori.

Gerewol kwanaki kaɗan ne a ƙarshen damina. Sauran shekara fa? Duk wanda ya je rijiyoyin arewa da bazara ya san amsa. Tun asuba sa yana jan igiya, ana jiran layi, shanu suna kuka. Mace ta aza ƙwaryar nono, ta taka ƙasa mai nisa don ta samo tiyar hatsi. Wannan ita ce rayuwar gidan. Wanda ya ga hoton rawa kaɗai, sai ya zaci mutanen ba su da aiki sai ado.

Wuri na biyu shi ne yunwa. An ɗauke mu a farin 1973 da 1974. An ɗauke mu a 1984, shekarar da wasu ke ce wa El Buhari. An sake ɗaukar mu a 2005. Bari mu tsaya kan ta ƙarshen, don yawancinmu mun gan ta da idonmu.

MAGANAR HANZA

A daminar 2004 ruwa ya ɗauke da wuri, fara kuma ta sauka. Da aka shiga 2005 hatsi ya yi tsadar da talaka bai iya saye. A watan Yuli na shekarar, telebijin ɗin BBC ya nuna wa duniya hotunan yara ramammu daga ƙasarmu. Duniya ta girgiza, taimako ya fara shigowa. Likitocin ƙungiyar MSF kaɗai sun yi jinyar yara sama da 60,000 masu tsananin tamowa a Nijar a wannan shekara. Kada kowa ya ce hoton bai yi amfani ba. Da yawa daga cikin yaran nan yau sun girma, wasu har sun yi aure.

Sai a 2008 gidan telebijin TV 2 na ƙasar Norwe ya fitar da wani fim, ya ce an kambama labarin. Cikin waɗanda suka yi magana a fim ɗin har da mutanen ƙungiyar Eden, wadda ta daɗe tana aikin itatuwan daji tare da manoman Tanut. Ɗaya daga cikin hujjojinsu ita ce wannan: rahotannin 2005 sun nuna mutane suna cin ganye da ƴaƴan itatuwan daji, aka ce shaida ke nan abinci ya ƙare, alhali kuwa abincinmu ne tun kaka da kakanni.

To, kai da ka tashi a Damargu, kai ne alƙali. Ka san hanza. Ka san yadda ake ɗebo ta, a ɓare, a jiƙa kwana da kwanaki ana canja ruwa har ɗacin ya fita, kana a dafa. Ka kuma san cewa a wani gida hanza ƙari ce a kan hatsi, a wani gida kuwa ita kaɗai ta rage. Tukunya iri ɗaya ce, hoton ma iri ɗaya zai fita. Ba ka gane bambancin gidajen biyu sai ka leƙa rumbu, ka ƙirga sau nawa aka ɗora tuwo a mako, ka ji ko an sayar da akuya ta ƙarshe. Wanda ya sauko daga mota da hantsi ya koma da la'asar, ba zai san wannan ba.

A ganina kowane ɓangare ya karkata. Na farko ya ga tukunyar hanza ya ce mutuwa ce. Na biyu, garin gyara, ya kusa manta da uwayen da suka binne ƴaƴansu a wannan shekara. Kuma ga asarar da muka yi. Duniya ta ga haƙarƙarin yaro, amma ba ta ga aikin uwarsa ba. Ba ta ga dabarar da mata suka yi suka riƙe gida har kaka ba. Wanda ya san ka da hoton yunwa kaɗai, in ya tashi taimakonka buhu zai kawo maka. Da wuya ya zauna ya tambaye ka maganar rijiya ko bankin hatsi, don bai ɗauke ka mai shawara ba.

FIM ƊIN ALBASA

Yanzu bari mu duba aikin ɗan gida. Sani Magori mutumin Galmi ne, garin albasa da ke kan hanyar Konni zuwa Madawa, cikin jihar Tawa. An haife shi a 1971. Ilimin noma ya fara karantawa, daga baya ya koyi aikin fim a ƙasar Senegal. A 2008 ya fitar da fim mai tsawon minti 52, sunansa Pour le meilleur et pour l'oignon. Faransawa wajen ɗaurin aure sukan yi alkawarin zama tare da daɗi ba daɗi. Shi kuwa sai ya juya maganar ya ce da daɗi da albasa. Da Hausa ake magana cikin fim ɗin.

Labarin ba shi da wuya. Wani manomin albasa yana da ɗiya da aka yi wa baiko, shekara biyu ana ɗaga bikin. Dangin miji sun matsa, gari ya ɗauki tsegumi. Sai uban ya yanke magana, ya ce in an cire albasa za a yi biki. Daga nan bikin ya rataya a wuyan gona. Tilas albasa ta yi yawa, tilas kuma ta yi kuɗi. Ga shi farashin ba a hannunsa yake ba.

Me ya sa na ce fim ɗin ya yi kyau? Dalili uku.

Na ɗaya, ya ba abin lokaci. Ya bi gonar da gidan tare, har zuwa cirar albasa. Da haka mai kallo yake gane abin da kowane manomi ya sani, wato gona da gida abu guda ne. Canja albasa ka sa hatsi ko wake, sai ka ga gidanka. Sau nawa aka ɗaga aure a Gangara ko Olelewa don damina ba ta yi kyau ba? Sau nawa saurayi ya tafi cin rani Libiya ko Najeriya don neman kuɗin sadaki?

Na biyu, mutanen ne ke magana da bakinsu. Ba a mai da su kamar dabbobin dawa ba, ana nuna su wani yana fassara su daga nesa. Suna ciniki, suna gardama, suna lissafi. Manomin ya fito mutum mai tunani da dabara, mai kunyar saɓa alkawari.

Na uku, talauci yana cikin fim ɗin, amma ba a yi tallarsa ba. Za ka ga rashi, za ka ji nauyin da ke kan uban. Duk da haka ba za ka raina shi ba. In an gama, abin da za ka ce shi ne, wannan ai ni ne. Mai ɗaukar ɗan garin ne. Ya san in ya wulaƙanta wani, gobe za su haɗu a kasuwa. Fim ɗin ya ci kyaututtuka a gida da waje, kuma ya cancanta.

Amma ba a rasa nono a ruga, ba a kuma rasa abin gyara a aiki. An gina labarin a kan uban: shi ya yi alkawari, shi ke da gona. Wato daga zaure muke hangen gidan. Ni na so a ce nauyin labarin ya rabu biyu, rabi a gona, rabi a ɗakin uwar amarya, inda ake tara kwanoni da tasoshi shekara da shekaru, da kuɗin ƙuli-ƙuli da na adashi. Sa'an nan ga maganar suna. Fim na Hausawa, a kan Hausawa, amma sunansa da Faransanci. Manomin Tarka da ya ji wannan suna a rediyo, yaya zai san labarinsa ne?

A 2010 Magori ya sake wani fim, wannan karo da sunan Hausa: Kukan Kurciya. Mahaifinsa ya tafi Abijan ya daɗe bai komo ba. Akwai wata tsohuwar mawaƙiya, Zabiya Husai, wadda a da waƙoƙinta ke zuga samari su tafi neman arziki bakin teku. Sai ya roƙe ta su tafi tare har Abijan, ta yi waƙar da za ta kira mutane gida. Ka ga a nan ba tarar da labarin ya yi ba, shi ya shirya tafiyar. Wannan ba laifi ba ne, tun da bai ɓoye mana ba. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne kunya. Ɗa ya kai maganar ubansa gaban duniya! Wani zai ce bai kyautu ba. Amma dubi gidajenmu nawa ne maigida ya tafi, mata da yara suna jira, kowa ya yi shiru. Magori da gidansu ya fara, bai fara da gidan wani ba. Wannan ya ba shi bakin magana.

TA CIKIN GIDA

Abin da fim ɗin albasa ya rage, wata ƴar jiharmu ta cika shi. Aicha Macky, haifaffiyar Damagaram ce, a 1982. A 2016 ta fitar da L'arbre sans fruit, wato itacen da ba ya ƴaƴa. Maganar rashin haihuwa ce. Ita kanta matar aure ce da ba ta samu haihuwa ba, kuma da kanta ta fara. Cikin fim ɗin tana magana da mahaifiyarta, wadda ta rasu wajen haihuwa. Daga nan ta shiga wurin wasu mata masu irin damuwarta, suka faɗi abin da suke sha daga miji da dangin miji da bakin gari.

Ƴar uwa, kin san wannan magana. Kin san yadda ake ɗora wa mace laifi ita kaɗai, ba a ko tambayi lafiyar mijin ba. Baƙo namiji ba zai taɓa ɗaukar wannan hoto ba, ko ya shekara a gari, don ba za a buɗe masa labule ba. Ita an buɗe mata, don ta fara buɗe nata. Fim ɗin ya ci kyautar fim na zahiri mafi kyau a gasar finafinan Afirka ta AMAA a 2016. A 2021 ta sake yin wani mai suna Zinder, a kan samarin unguwar Kara-Kara, waɗanda gari ke tsoro. Nan ma ta zauna da su har suka yi magana.

A KOMO A NUNA

Saura tambaya ta uku. Kada ka zaci ina cewa baƙo ba ya iya aikin kirki. Jean Rouch, ana faɗinsa Jan Rush, Bafaranshe ne da ya zo Nijar a 1941, ya yi finafinai masu yawa, ya rasu a haɗarin mota kusa da Birnin Konni a 2004. A Yamai aka binne shi. Ya taɓa yin fim a kan Sarkawa masu farautar dorina a kogin Kwara, can yammacin ƙasarmu. Da ya gama haɗa shi, ya komo garin Ayoru a 1954, ya nuna wa masu shi.

Suka kalla, suka gane kansu. Sai suka ce masa akwai kuskure. Ya sa kiɗa a daidai wurin farauta. Suka ce ba a kiɗa a wurin nan, don kiɗa ƙarfin zuciya zai ba dorina ta tsere. Rouch ya karɓi gyara, ya cire kiɗan. Ka ga, mutanen da ba su shiga lakwal ba sun gyara wa masani aikinsa, don su suka san abinsu. Tun daga nan ya riƙe wannan al'ada. A kusa da shi kuma ƴan ƙasa irin su Mustafa Alasan da Umaru Ganda suka taso. Alasan ya yi fim mai suna Aure tun 1962.

To, tambayi kanka. Duk hotunan da aka ɗauka a garinku, na yunwa da na rawa da na rabon kaya, guda nawa aka komo aka nuna muku?

KYAMARA TA ZO HANNUNMU

Yau abin ya canja. Kusan kowane gari akwai salula mai ɗaukar hoto. Mu ne baƙon, mu ne ɗan gida. Don haka tambayoyin nan uku sun hau kanmu.

In wani ya zo ɗaukar hoto a gidanka, ko daga ina ya fito, kana da ikon tambayarsa: ina za ka kai shi, wa zai gani? Kana da ikon cewa a'a. Ke ma haka, ko da maigida ya yarda, fuskarki taki ce. Kada a ɗauki yaro tsirara ko majinyaci a kwance don an yi alkawarin buhu. Hoton da ya shiga WhatsApp ya zama kamar magana, zarar bunu ce, ba ta komawa. In kun yarda, ku ce a komo a nuna muku.

In kuwa kai ne mai ɗauka, nemi izini tukuna, ko da gidanku ne. Kada ka jira sai ranar suna ko sallah, lokacin da kowa ya ci ado. Ɗauki ranar banza. Ɗauki tsohuwa tana kaɗi, ka bar ta ta yi bayani da bakinta. Ɗauki yadda ake ɗaure dami, da yadda ake ɗora rumbu, da yadda ake jiƙa hanza daga farko har ƙarshe. Bi gona guda daga shuka har sussuka, kamar yadda Magori ya bi albasa. Kada ka ce a sake sa tsumma don a ba da tausayi, kada kuma ka ce a aro kujera don a burge. A farkon ɗauka faɗi sunan gari da shekara. In kana iya rubutu, rubuta su a takarda ka ajiye, don hoton da ba a san na wa ba ne ya zama maraya. In ka gama, tara mutanen gidan da dare ku kalla tare. Abin da suka ce a goge, goge shi.

Jikokinmu za su so su san yadda muka zauna. In ba mu ɗauka da kanmu ba, abin da za su tarar shi ne rawar kwana bakwai da yunwar shekara uku. Sauran kuwa, wato aikin da ya riƙe Damargu, sai ya bi mu kabari.

Ku tattauna wannan magana a dandali da wurin daka. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.